Kunnen Wagiran

Duk wanda ya yi aiki a tashar Talang Sepat ya san Wagiran, ko da kuwa bai taɓa jin ya ɗaga murya ba. Gajere ne kakkaura, ƙafafunsa sun ɗan gwame, har abokan aikinsa na cewa daidai shiga tsakanin tarago da tarago aka halicce shi. Iyayensa na cikin mutanen Jawa da aka kwaso aka zube a kudancin Sumatra, aka nuna musu daji aka ce su mai da shi gona. Uban ya sare dajin, ya dasa rogo da itacen roba, ya rasu bai ci moriyar robar ba. Wagiran bai gaji son noma ba. Tun yana ƙarami jirgin kwal da ke ratsa bayan gidansu ya ɗauke masa hankali, da ya tasa kuwa ya dinga zarya a tasha har aka gaji da ganinsa aka ba shi aiki.

Aikin ba wani mai suna ba ne. Jirgin kwal dogo ne, taragonsa ya fi hamsin, kuma birkinsa duka da iska yake aiki. Bututun ƙarfe ne ya bi ta ƙarƙashin kowane tarago, inda biyu suka haɗu kuma sai baƙin tiyon roba mai kaurin damtse, ɗaya daga nan ɗaya daga can, kowanne da kan ƙarfe. Wagiran zai sunkuya ya shiga tsakani, ya kamo kawunan nan ya haɗa su baki da baki, ya murɗa su kulle, sannan ya buɗe famfon iska na wannan tarago da na wancan. In ya buɗe, iska ta wuce har wutsiyar jirgi, direba na jan birki duk ƙafafun za su kama. In kuwa famfo ɗaya ya zauna a rufe, to duk taragon da ke bayan wurin ba ruwansa da direba. Abin tsoron shi ne rufaffen famfo ba ya nuna kansa. Jirgi zai tashi lafiya lau, ya yi tafiyarsa a shimfiɗaɗɗen wuri ba wanda ya sani, sai an zo gangara nauyin baya ya danno na gaba.

Wani tsoho ne ya koya masa, Mbah Kerto, wato Kaka Kerto, wanda ƙarfe ya cinye wa yatsu biyu. Ranar farko ya ga Wagiran yana ta leƙe-leƙe a ƙarƙashin tarago, sai ya ja masa kunne.

“Kai Ran, me kake nema, allura ka yar? Nan duhu ne da baƙin mai, ba abin da idonka zai gaya maka. Yi shiru ka saurara.”

Ya saurara, kuma ashe Allah ya ba shi kunne. Cikin ɗan lokaci ya rarrabe siririn hucin zoben roba da ya tsufa, da fiton kan da bai zauna daidai ba, da gudun iska idan famfo ya buɗe sosai. Yakan bi dogon jirgi a ƙafa, hannu a baya, ya tsaya cak a tarago na wajen arba'in ya ce nan ne, a duba a ga nan ɗin ne. Direbobi suka riƙa yi da shi a wasu tashoshi. In aka ce Wagiran ne ya haɗa, ba mai sake tambaya. Da wannan sunan ya auri Partini, mai sayar da shinkafa da soyayyen tempe, wato wainar waken soya, a bakin tasha, da shi aka ba shi gida a rukunin ma'aikata, dab da layin dogo, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata. Mutumin da ba shi da gona ba shi da karatu, abin da ya mallaka a duniya ke nan, kunnensa.

Wata rana da rani, yana tsakiyar ƙarfinsa, ya raba tiyo ashe da sauran iska a ciki. Tiyo mai iska in ya kuɓuce ba ya shawara. Kan ƙarfen ya yi tsalle ya make shi a bayan kunnen hagu, ya farka a asibiti da ɗinki. Ciwon ya warke, kunnen bai dawo ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya koyi juyo da gefen dama, na daman kuwa ya riƙe shi shekaru masu yawa, har gwajin likita yana tsallakewa da shi. Sai bayan furfura ta fito masa shi ma na daman ya fara bin ɗan'uwansa, a hankali. Tsuntsaye ne suka fara ɓacewa, sannan kiran sallar masallacin ƙetaren kogi. Wata safiya ya buɗe famfo, ya ga tiyo ya miƙe, amma bai ji komai ba. Nan ya tsuguna tsakanin taragai gumi na karyo masa, ya kasa fitowa.

Ka ce yaya aka yi mutum ya kurumce a tasha ba a gane ba? Mu nan muna da wata cuta da muke kira ladabi. An raine mu a kan cewa in na gaba yana magana ka sunkuyar da kai, ka yi murmushi, ka ce to. Ba ka katse shi, ba ka ce ya maimaita, ba ka kawo masa labarin da zai ɓata masa rai. Wagiran kuwa ko a cikin masu ladabi shi na gaba ne. Da kunne ya tafi sai ya ci gaba da abin da ya saba, murmushi da “To, Pak”, wato to ranka ya daɗe, ba wanda ya ga bambanci. Ga shi kuma an haɗa shi aiki da Bustomi, mutumin Palembang, wanda in yana raɗa ana jin sa a ƙarshen dandamali. Duk abin da aka faɗa ta oba-oba sai Bustomi ya maimaita da ƙarfi don ya samu abin zagi a ciki, Wagiran ya tsinci rabonsa daga nan.

Ya kuma samo wata dabara. In zai buɗe famfo sai ya cire safar hannu ya ɗora tafinsa a kan tiyo, ya ji yadda yake kumbura yana rawa. Dabarar tana yi, amma ba ta kai kunne ba, shi ma ya sani. Tun daga lokacin bai ƙara cin abinci ya ji daɗinsa ba. Tsoro biyu yake kwana da su yake tashi da su. Yana tsoron ranar da za a gane, a karɓe usur da oba-oba, a ce ya bar gidan ma'aikata. Yana kuma tsoron ranar da tarago zai motsa yana tsakani, usur ɗin gargaɗi yana ta busawa shi bai sani ba. Kullum ya sunkuya zai shiga sai ya yi salati, bayan wuyansa ya yi sanyi har ya fito.

Ranar da abin ya faru damina ce, bayan la'asar. Jirgin kwal ya shigo da ƙafar tarago ɗaya tana hayaƙi, wajen tsakiya. Dole a yanke shi a kai layin gefe, a sake haɗa jirgin. Suna cikin yi ruwa ya ɓarke, irin wanda ba ka ganin tarago na uku daga inda kake. Layin guda ɗaya ne, jirgin fasinja na can wata tasha yana jiran wannan ya wuce, waya kuma ta hana shugaban tasha, Pak Darwis, sakat.

Aka turo rabin gaba ya daki na baya, ƙugiyoyi suka kama. Wagiran ya shiga. Ruwa na zuba masa ta wuya, laka har idon sawu. Ya haɗa kawunan, ya murɗa, suka zauna. Ya buɗe famfon gaba. Ya juya ya miƙa hannu ga na baya, sai ƙarafunan suka yi wata girgiza, taragon ya matso kamar taku guda. Abin da ya daɗe yana jira ke nan. Bai san lokacin da ya wurgo kansa waje ba, sai ganinsa ya yi a kwance kan tsakuwa, gwiwa ta ɓare. Ba komai ba ne, sassaucin ƙugiya ne ya daidaita, jirgin bai tafi ko'ina ba. Ya san ya sake sunkuyawa ya zura hannu. Ya san ya taɓa ƙarfe mai sanyi. Daga nan kansa ba ya tuna komai sai bugun zuciyarsa.

Yana ɗagowa ya ga Pak Darwis a tsaye da lema, takalmansa sun jiƙe, ransa a ɓace. Ƙa'ida ita ce in an yanke jirgi an haɗa sai an sake gwada birki har wutsiya. Amma wutsiya na can cikin ruwa da nisa, waya na ta kuka a ofis, ga kuma Wagiran a gabansa, wanda duk layin ya san kunnensa. Ya yi tambayar da yake yi kullum, Wagiran ya karanta ta a leɓensa.

“Iska ta wuce?”

Mutum babba ya fito cikin ruwa da kansa, yana jiran kalma ɗaya. Bakin Wagiran ya riga shi.

“Ta wuce, Pak.”

Aka ɗaga koriyar tuta. Taragai suka fara wucewa ta gabansa, baƙaƙe, a jiƙe, cike da kwal. Ya ware ido yana son ya hango mariƙin famfon nan in wurin ya zo wucewa, amma ruwa da gudu suka haɗe masa komai. Jar fitilar wutsiya ta shige cikin itatuwan roba.

A rumfar ma'aikata Bustomi, wanda ke ce masa Mas, wato yaya, ya tura masa gahawa da soyayyen rogo.

“Mas Ran, yau na ga abin mamaki, ashe kana tashi sama? Da an sa ka a gasar tsalle da mun samu kofi a tashar nan. Ci rogo, abincin kakanninku ne, ban sa maka barkono ba kada ka yi mini kuka.”

Wagiran ya yi murmushi ya ce, “To, Mang,” wato kawu, yadda ya saba kiransa. Ya riƙe kofin, bai sha ba. A ƙarƙashin benci hannunsa na dama yana ta maimaita murɗa famfo, ko hannun zai tuna abin da kai ya manta. Wani zubin ya ji kamar ya murɗa, wani zubin ya ji kamar taɓawa kawai ya yi. A da ba ya bukatar tunawa, domin iska na gudu kunnensa ya shaida, magana ta ƙare. Yanzu buɗaɗɗe da rufaffe duk shiru ɗaya ne a wurinsa.

Ya san hanyar kamar tsakar gidansa. Daga nan zuwa tasha ta gaba, Air Keruh, fili ne shimfiɗaɗɗe, birkin rabin jirgi ma ya isa ya tsayar da shi. Jirgin kwal ba ya tsayawa a can, wucewa yake yi. Daga bayanta gangara ta fara, da lanƙwasa biyu masu tsanani, a ƙasa kuma gari ne da kasuwarsa ta manne da dogo. Yanzu lokacin cinikin yamma ne. Masu kifi da masu ganye sun fake a ƙarƙashin leda, kwandunansu a kan katakon layi, sun saba in jirgi ya yi kuka su ja kaya baya su bar shi ya lallaɓa ya wuce. Ya ga fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, har da matar da Partini ke sayen albasa a wurinta.

“Lafiya kuwa?” in ji Bustomi. “Ko Partini ce ta kama ka da wata?”

Wagiran ya ajiye kofin ya fita cikin ruwa ba lema.

A ƙofar ofis ya tarar Pak Darwis na kan waya, ya ba shi baya, yana ta ba wani na sama da shi haƙuri. To a nan ne ladabin ya so ya kashe mutane. Wagiran ya cire hula, ya haɗa hannuwa a gaba, ya tsaya yana jira a gama. Ruwa na ɗiga daga rigarsa yana taruwa a kan siminti. Yana kallon agogon bango, yana kallon ƙeyar mutumin, amma tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa katse na gaba ba, bai ma san ta inda ake farawa ba. Ya yi gyaran murya. Ba a juyo ba. Ya ƙara. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa ƙofar da take a buɗe, ya sauke. Da ya tuna cewa jirgin bai tsaya jiran kowa ba, sai ya taka ya shiga da lakarsa, ya dafa kafaɗar shugaban tasha. Bustomi, wanda ya biyo shi don ganin ƙwaƙwaf, ya saki baki.

Pak Darwis ya juyo, ya toshe bakin wayar da hannu.

“Mene ne, Pak Ran?”

“A yi haƙuri, Pak. Jirgin nan. A tsayar da shi a Air Keruh.”

“A kan me?”

“Famfon baya. Ban tabbata na buɗe ba.”

“Kai ka ce mini iska ta wuce.”

“Na ce, Pak. Ban ji ta ba.”

Pak Darwis ya dube shi, ya dubi agogo. Tsayar da jirgi a hanya ba wasa ba ne, sai an bi ba'asi, kuma ba'asin zai biyo ta kan gwajin da shi da kansa ya tsallake. Ya yi ɗan murmushi, ya buɗe wa Wagiran ƙofar fita, yana magana a hankali har ana iya karanta bakinsa.

“A wannan ruwan wa zai ji? Ruwa ne ya hana ka. Shekara nawa kana wannan aiki, hannunka ba ya mantuwa. Je ka sauya riga.”

Da ya ce to, da shi ke nan. Usur ɗinsa na wuyansa, gidansa na nan, sunansa na nan, kuma wataƙila famfon a buɗe yake. Kalmar har ta zo masa leɓe, domin ita ce ta fi kowace sanin hanyar bakinsa. Ya gane in ya bar wa ruwa laifin ba za a ɗaga waya ba.

“Ba ruwa ba ne, Pak,” ya ce, muryarsa ta fito da ƙarfin da bai sani ba. “Ko rana ake ba na ji. Na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama ma ya tafi. Na kusa shekara ban ji iska ba. Da hannu nake lalube.”

Fuskar Pak Darwis ta sauya. Ya kife wayar a kan na saman ba sallama, ya finciko ta akwatin magana da direbobi, ya fara kira.

Daga nan sai jira, kuma shi ne mafi muni. Wagiran yana ganin bakuna na motsi, ba ya samun komai, don duk sun juya wajen akwatin magana. Bustomi ya daina ihu, ranar da aka fi bukatar ihunsa. Wagiran ya tsaya a bayansu yana karanta kafaɗu. Can ya ga ta Pak Darwis ta ɗan sauka, Bustomi ya waiwayo ya yi masa alama da tafin hannu cewa jirgi ya tsaya. Sauran a taka a ƙafa cikin ruwa daga kan jirgi zuwa tsakiya a duba. Wagiran ya jingina da bango, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Shi kansa bai san me yake roƙo ba. In a rufe yake, ƙiris ya rage ya hallaka kasuwa guda. In a buɗe yake, ya sayar da rayuwarsa a banza.

Akwatin ya yi magana. Pak Darwis ya zauna a kujera ya shafa fuska. Bustomi ya dubi ƙasa. Ba wanda ya tuna da Wagiran, sai da ya tako gaba ya yi tambayar da ya shekara yana haɗiyewa.

“Me aka ce? Ban ji ba.”

Bustomi ne ya zo dab da shi. Bai yi tsawa ba, bai yi tsiya ba. Ya buɗe baki sosai yana fitar da kalma ɗaya ɗaya, yadda ake yi wa marar lafiya.

“A buɗe suke, Mas. Duka biyun.”

Wagiran ya gyaɗa kai. Ya ji daɗi har ƙwalla ta zo masa, ya kuma ji kamar an zare masa laka. Pak Darwis bai yi masa faɗa ba, ya ma miƙe ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya daɗe. Amma da ya saki, tafinsa ya zauna a buɗe, Wagiran ya gane. Ya cire usur daga wuya, ya kwance oba-oba daga ƙugu, ya ɗora masa.

A gida ya zauna a bakin gado ya gaya wa Partini, yana kallon gwiwarsa da ta ɓare. Ta gama shafa masa magani, ta ɗago fuskarsa don ya ga bakinta.

“Na sani, Mas. Tun bara nake kiran ka daga madafa ba ka waiwayowa.”

“Kika yi shiru?”

“Ina zan iya gaya maka? Kullum ka fita, in na ji ƙarfe ya daki ƙarfe sai na ajiye abin da ke hannuna, har sai na hango hularka ta fito.”

Ba a kore shi ba. An duba shekarunsa aka mai da shi ɗakin ajiya, inda yake jera sababbin tiyo da zoben roba a kan kanta har lokacin ritayarsa ya yi, aka kuma bar shi a gidan zuwa lokacin. Sharaɗi ɗaya aka kafa masa, kada ya ƙara taka dogo shi kaɗai. Ɗakin ajiyar kuwa yana ƙetaren layi ne daga rukunin ma'aikata. Don haka kowace safiya Partini ke rako shi. A bakin tsakuwa sai ta tsayar da shi, ta kama hannun rigarsa, ta dubi gabas ta dubi yamma, ta karkata kai ta saurara. Shi kuwa yana tsaye da ƙunshin shinkafarsa, idonsa a kan fuskarta, yana jira ta ce ya taka.